Mafita Tun da Rana: Lacca kan Tsira daga Gobara a Gidajen Gwarzo da Kabo

Masu girma hakimai, Allah ya ja zamaninku. Dagatai da masu unguwanni, ranku ya daɗe. Limamai da malamanmu, Allah ya gafarta muku. Iyayena mata da ke zaune ta wancan ɓangaren, da ku matasa da kuka tsaya a baya, ina yi wa kowa barka da zuwa. Na san wasunku tun da hantsi suka baro Getso da Kutama da Lakwaya, wasu daga Garo da Gude da Durun, cikin wannan sanyi da ƙura. Allah ya saka da alheri, ya mai da kowa gidansa lafiya.

An ce in yi magana a kan gobara. Maganar gobara kuwa tana da faɗi. Akwai yadda ake hana ta tashi, akwai yadda ake kashe ta, akwai gudummawar da ake kai wa wanda ta shafa. Zan taɓo na farkon can gaba, amma abin da ya fi tsaya mini a rai wani ɓangare ne da ba kasafai ake zama a kansa ba. A ce wutar ta riga ta kama, ƙarfe 2 na dare, iskar hunturu na kaɗawa, kowa ya ja bargo. Ta ina mutanen gidan za su fita? Wa zai ɗauko jinjiri, wa zai kamo hannun tsohuwa? Mukullin ƙofar gida yana ina a wannan lokacin? Gidan da bai amsa waɗannan tambayoyi da rana tsaka ba, ba zai iya amsa su cikin hayaƙi ba.

Idan ana zancen gobara a ƙasar Kano, kasuwa ce ke fara faɗo wa mutum a rai. Har yau ba a manta da ta kasuwar Sabon Gari ba, a watan Maris na 2016, wadda ta cinye dubban shaguna. Amma gobarar kasuwa galibi dukiya take ci. Mai cin rai ita ce ta makwanci. A watan Nuwamba na 2015 ɗalibai 7 suka rasu a ɗakin kwanan makarantar sakandaren 'yan mata ta Jogana, nan ƙasar Gezawa. A watan Fabrairu na 2025 almajirai 17 suka rasu cikin dare a wata makarantar allo a Ƙauran Namoda ta jihar Zamfara. Waɗannan rediyo ya ɗauka saboda yawansu. Na gidaje ɗai-ɗai kuwa, uwa da 'ya'yanta, ko ango da amarya, waɗanda ake ji a yi salati a wuce, babu wanda ke zaune a nan da bai taɓa jin irinsu ba. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ai shafa wa naka ruwa kake yi.

Abu na farko da nake so mu yarda da shi, lokacin da muke da shi kaɗan ne ƙwarai, bai kai yadda muke zato ba. A tsakiyar shekarun 1970 an yi gwaji a Amurka, aka cinna wuta a gidaje da kayan ɗaki irin na wancan zamani, aka ga mutanen gida na da kimanin minti 17 na fita bayan ƙararrawa ta buga. Da hukumar NIST ta ƙasar ta maimaita irin gwajin da kayan zamani, ta fitar da sakamako a 2004, sai lokacin ya dawo kimanin minti 3. Ba wutar ce ta canza hali ba, abin da muke cika ɗaki da shi ne ya canza. Ku tuna ɗakin kakanninmu: gadon kara ko na ƙarfe, tabarmar kaba, katifar rimi, ƙwarya da tasa a jere. Ku leƙa ɗakin amarya yau. Katifar soso mai kauri, kujerun kushin, labule har ƙasa, ledar tsakar ɗaki ko kafet, silin na roba, akwatunan yadi da leshi. Kusan dukkansu daga man fetur aka samo asalinsu, kuma in suka kama, ci suke yi da sauri, suna fitar da baƙin hayaƙi mai guba.

Hayaƙin nan shi ne makashin. Mafi yawan waɗanda gobara ke hallakawa, hayaƙi ne ya gama da su kafin harshen wuta ya iso gare su. A cikinsa akwai iskar da ake kira kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar da jiki ke rayuwa da ita. Soso kuma in yana ci yana fitar da wata gubar ta daban. Mutane da yawa na cewa, ai in wuta ta tashi wari zai tashe ni. Wallahi kada kowa ya dogara da wannan. Hancin mai barci ba ya gadi, kuma ita wannan iska ƙara nauyin barci take yi. Wanda ya farka ma yakan tashi kansa na juyawa, ƙafafu sun mutu, ga duhu, har ya kasa gane ƙofar ɗakin da ya shekara 20 yana kwana a ciki.

To, a lissafa wannan minti 3 da nisanmu. Tsakanin birnin Kano da Gwarzo kimanin kilomita 70 ne. Ko a ce motar 'yan kwana-kwana tana fake a cikin garin Gwarzo, cike da ruwa da mai, direba na zaune a ciki, kafin a kira, a kwatanta gida, ta kai Madadi ko Mainika, balle ƙauyukan Masanawa da Godiya, an wuce wancan lokacin nesa ba kusa ba. Ba zargin ma'aikatan nake yi ba. Mutane ne da ke sayar da rai don wasu, kuma zuwansu ne ke hana wuta tsallakawa maƙwabta. Amma fitar da rayuka daga ɗaki, wannan aikin mutanen gida ne da maƙwabcin da ya fi kusa, ko mun so ko mun ƙi.

Yanzu mu shiga gidan Bahaushe mu dube shi da idon wanda ke neman fita. Ginin da muka gada gini ne na sutura. Zaure ɗaya, daga shi sai shigifa ko soro na biyu, sannan tsakar gida, ɗakuna na kewaye, katanga ta zagaye komai. Ƙofa ɗaya ake shiga, ita kuma ake fita. Wannan tsari yana da hikimarsa, har ma ta fuskar gobara, domin tsakar gida fili ne, wanda ya faɗo cikinsa daga ɗaki ya sami iska. Matsalar tana zaure. Me muke ajiyewa a zaure da dare? Babur, da mai a tankinsa. Janareto, da galan ɗin fetur a gefensa. In kaka ta yi, buhunan masara da dawa, wani lokaci har da damin harawa. Wato hanya ɗaya tilo da iyali za su bi su tsira, ita muka cika da abin da ya fi komai saurin kamawa, sannan muka garƙame ta da kwaɗo.

Na san dalilin kwaɗon, kuma ba zan raina shi ba. Muna kan iyaka da jihar Katsina, kunnuwanmu sun sha jin labarin ɓarayin shanu da masu ɗaukar mutane, ga ɓarayin babur na cikin gari. Wanda ya ce wa magidanci ya kwana ƙofa a buɗe bai san halin da ake ciki ba. Abin da nake cewa, a yi kullen da zai hana na waje shigowa ba tare da ya hana na ciki fita ba, kuma hakan mai yiwuwa ne. Sakata mai kauri daga ciki, biyu ma in ana so, ta sama da ta ƙasa, ta fi kwaɗo alheri, don ɓarawo ba ya iya zare ta daga waje, amma yarinya 'yar shekara 10 za ta zare ta cikin duhu. In kuwa dole sai an sa kwaɗo, to mukulli ya sami mazauni guda wanda ba ya canzawa. A kafa ƙusa kusa da ƙofar, inda hannun na waje ba zai kai ba, ƙasa-ƙasa yadda mai rarrafe zai laluba ya samu. Kowa a gidan ya san ƙusar nan. Ba aljihun rigar maigida ba, rigar da ba a san inda ya rataye ta ba. Ba ƙarƙashin matashin uwargida ba. Ba cikin tarin mukullai 15 masu kama da juna ba, waɗanda ko da rana sai an gwada uku kafin a dace.

Akwai wanda ya fi wannan muni, kuma ina roƙon iyayena maza su saurare ni da kyau. Kulle gida ta waje da mutane a ciki. Wani zai tafi sallar asuba ya datse ƙofa ta waje. Wani direba ne ko mai gadi, zai kwana a wurin aiki, ya rufe iyali ya tafi da mukulli. Ku ma iyayena mata, akwai mai kulle yara a ɗaki ta ce bari ta leƙa gidan suna ta dawo yanzu, ko ta kai niƙa, alhali ga garwashi a kasko ko ashana a kan taga. Niyyar kowa kariya ce, na sani. Amma duk wanda ya kulle rai ta waje ya tafi da mukulli, ya ɗora wa kansa abin da ba zai iya ɗauka ba ranar da aka sami akasi. A bar mukulli na biyu a ciki. In yara ne ƙanana, a miƙa su maƙwabta.

Sai taga. Da, tagar ɗakin ƙasa ƙarama ce, ba a ma sa ran fita ta nan. Yanzu muna gina ɗakin bulo da taga babba wadda ƙato zai iya bi, sai mu kira mai walda ya girka mata ƙarafa, a cusa cikin siminti. In wuta ta tare ƙofa, mutum na tsaye a bayan ƙarafan nan yana ganin masu ceto, suna ganinsa, suna dukan ƙarfe da taɓarya da dutse, ƙarfen ko gezau. Wannan shi ne abin da waɗanda suka taɓa halartar irin wannan dare ba sa iya mantawa. Maganinsa kuwa ba tsada gare shi ba. A kowane ɗakin kwana, a sa mai walda ya yanke ƙarfen taga ɗaya ya mai da shi mai buɗewa, da maratayi da sakata ta ciki wadda aka rufe ta da faranti yadda hannun na waje ba zai taɓa ta ba. A riƙa ɗiga mata mai lokaci-lokaci don kada tsatsa ta cinye ta. Kuɗin aikin bai kai na labulen da za a rataya a tagar ba.

Gidan kansa ma yana bukatar mafita ta biyu. Wanda ke da halin fasa ƙaramar ƙofa ta baya, ya fasa. Wanda ba shi da hali, ya tanadi tsani ya jingine shi a kwance gindin katanga, ta ɓangaren da ya fi nisa da madafa da zaure, ya kuma yi magana da maƙwabcin da ke bayan katangar tun yanzu: in ka ji mu muna dirowa cikin dare, ka san dalili, mu ma in mun ji ku haka. In an jera fasassun kwalabe a kan katangar, a bar wani ɗan wuri da 'yan gida kaɗai suka sani. Gidajen danga da zana da jinka kuwa, fita ba ta da wuya, amma wutarsu ba ta jira ko kaɗan. A watan Nuwamba na 2021, a Maraɗi, yara aƙalla 25 suka rasu a azuzuwan zana, da rana tsaka, kowa ido biyu. Don haka a ƙauyukanmu tazara ita ce kariya. Kara da harawa da rumbu su yi nesa da ɗakin kwana da murhu, a share busasshiyar ciyawa da ke kewaye da gida, a kuma ja kunnen yaran da ke cinna wa daji wuta don farautar gafiya.

Zan faɗi wata magana a gaban malamai, in na kauce su gyara mini. A rubuce yake a ƙofar gidajenmu da yawa: ba shiga. Mun tarbiyyantu a kan haka, kuma tarbiyya ce mai kyau. Amma wannan kunya tana iya cin minti ɗaya cikin ukun nan. Matashi zai ga hayaƙi ya tsaya a zaure yana rafka sallama. Mace za ta farka ta tsaya laluben hijabi, ko ta yi turus a bakin ƙofa don maigida ba ya nan, ba ta nemi izini ba. Abin da muka koya wurin malamanmu shi ne ceton rai wajibi ne, har salla ake yankewa dominsa. Saboda haka ina roƙon kowane magidanci ya furta da bakinsa, yau ba gobe ba, ya ce wa iyalinsa: ranar da wuta ta tashi, ko ina nan ko ba na nan, ku fita a yadda kuke, na yarda. Ya ce wa maƙwabtansa: in kun ga hayaƙi a gidana, ku ɓalle ƙofa ku shiga. Zanin rufa ba zai gagara a waje ba, matan unguwa za su kawo.

Gidanmu gidan yawa ne, shi ya sa rabon aiki ya zama dole. Mata biyu ko uku, kowace da ɗakinta. Yara ba lalle su kwana ɗakin uwarsu ba, yau wannan yana wurin kaka, gobe wancan ya yi barci ɗakin abokiyar zaman uwarsa an bar shi a can. Ga samari a shago, ga almajiri a zaure, ga baƙuwa da ta zo wankan jego. In an tashi a firgice, kowa zai ɗauka wani ya ɗauko wane. Don haka a zauna a raba: kowace mace ita ke da alhakin duk yaron da ya kwana ɗakinta a wannan dare, nata ne ko ba nata ba. Babban saurayi shi ne na tsoho ko tsohuwa, ko mara lafiyan da ba ya iya tashi. Irin waɗannan ma ya kamata ɗakinsu ya zama mafi kusa da mafita. A sani kuma, ƙaramin yaro in ya tsorata ba gudu yake yi ba, ɓuya yake yi, ƙarƙashin gado ko bayan ƙyaure ko cikin bargo, musamman in shi ne ya yi wasa da ashanar. A gaya wa yara tun yanzu cewa wanda ya ga wuta ya yi ihu ba za a doke shi ba, ko shi ya jawo ta.

Sannan a tsai da wuri guda a waje inda kowa zai nufa, gindin dalbejiyar ƙofar gida ko bakin masallacin unguwa. A nan za a kira suna ɗaya bayan ɗaya, ba a ƙirga kai ba, don cikin taron 'yan kallo lissafi rikicewa yake. Amfanin wannan babba ne. Sau da yawa uwa kan koma cikin wuta neman yaron da tuni wata maƙwabciya ta goya shi ta yi gaba da shi.

Yadda ake tafiya cikin hayaƙi abu ne da ake koya, ba a haifi kowa da shi ba. Hayaƙi yana cika ɗaki kamar yadda ruwa ke cika randa, sai dai shi daga sama yake farowa yana sauka. Iska mai kyau da ta rage tana ƙasa, wajen gwiwa. Saboda haka wanda ya farka ya ji hayaƙi kada ya miƙe tsaye. Ya mirgino daga gado, ya yi rarrafe, yana bin bango da hannu har ƙofa. Kafin ya buɗe, ya taɓa ƙyauren da bayan hannu. In da zafi, wuta na bayansa, kada ya buɗe, ya koma taga. In ba zafi, ya buɗe a hankali. Wanda ya fita daga ɗakin da ke ci, bayan ya tabbata ba kowa ciki, ya jawo ƙofar ya rufe, don wuta da iska take rayuwa, rufaffiyar ƙofa kuwa tana riƙe ta na wasu mintoci. Wanda hanya ta toshe masa gaba ɗaya, ya rufe ƙofa, ya cusa zani ko bargo a ƙasanta, in da ruwa ya jiƙa, ya tsaya bakin taga yana ihun gobara yana haska tocila. Shi ya sa tocila ko waya take kwana kusa da kai, ba can kan caji a wani ɗaki ba.

Wanda ya fita, ya fita ke nan. Wannan ita ce doka mafi wuyar bi, na sani. Mutum na kallon kuɗin cinikin amfanin gonarsa na shekara, ko kayan ɗakin 'yarsa da ya yi shekaru yana tarawa, ko babur ɗin da yake ci da iyali da shi. Amma ɗakin da ka fito daga ciki minti ɗaya da ya wuce ba shi ne za ka koma ba, zafi da hayaƙin sun ninka. Abin da za a yi, a rage dalilan komawa. Takardun gida da na gona, shaidar karatu, katin asibiti, a haɗa su a jaka ɗaya kusa da ƙofa, a kuma ɗauki hotonsu a waya. Dabbobi a ɗaure su da ƙullin zarge wanda ja ɗaya ke kwancewa, a ajiye wuƙa kusa da turke.

In wuta ta kama tufafin mutum, gudu hura ta yake yi. Ya tsaya, ya faɗi ƙasa, ya rufe fuska da hannu, ya yi ta birgima. Na kusa ya lulluɓe shi da bargo mai kauri ko buhun algarara, ban da buhun leda, don narkewa yake ya manne a jiki. Bayan nan a zuba ruwa mai tsabta a kan ƙunar, na randa ko na famfo, a yi ta zubawa har minti 20, ban da ƙanƙara. A cire zobe da awarwaro kafin wurin ya kumbura, amma yadin da ya manne a bar wa likita. Ina roƙonku da girman Allah, a daina shafa man goge baki, da ɗanyen ƙwai, da manja, da baƙin mai, da toka. Ba sa warkarwa, ƙwayar cuta suke kaiwa, kuma sai an kankare su a asibiti, mai ciwo na kuka. A rufe da tsabtataccen ƙyalle, a lulluɓe sauran jikin saboda sanyi, musamman yaro, a nufi Babban Asibitin Gwarzo ko wanda ya fi kusa, su za su tura asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano in abin ya fi ƙarfinsu. Wanda ya shaƙi hayaƙi, muryarsa ta dishe ko aka ga baƙi a hancinsa, shi ma a kai shi ko babu tabon ƙuna a jikinsa, don maƙogwaro na iya kumbura daga baya.

Hausawa na cewa gobara daga kogi maganinta Allah. Gaskiya ne, amma tamu ba daga kogi take zuwa ba, mun san ƙofofinta. Hita da aka tsoma a bokitin roba aka ɗauke wuta, aka manta ba a zare ba, aka kawo wutar cikin dare. Kaskon garwashi da aka shiga da shi ɗaki don jin ɗumi aka rufe ƙofa da taga, wanda ko bai kama komai ba iskarsa kaɗai na kisa, haka ma hayaƙin janareto. Maganin sauro na kunnawa a gefen katifa da gidan sauro. Turaren wuta da aka kifa wa kaya aka fita. Tukunyar gas mai tsohuwar mesa. Shi gas ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, don haka in an ji warinsa kada a ƙyasta ashana, kada a taɓa makunnin lantarki, a rufe kan tukunyar a buɗe ƙofofi, a gwada yoyo da ruwan kumfa. Man suya in ya kama a rufe kaskon da murfi, ruwa tarwatsa shi yake yi. Fetur kuwa, wanda ya ji abin da ya faru a Majiya ta jihar Jigawa a watan Oktoba na 2024, inda fiye da mutum 150 suka rasu a wurin tankar da ta faɗi, ba ya bukatar a gaya masa abin da tururinsa ke yi. Bai kamata ya kwana rufi ɗaya da mutane ba. Addininmu ya riga kowa a nan. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Musa al-Ash'ari cewa wani gida ya ƙone da mutanensa cikin dare a Madina, da aka ba Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, labari, sai ya yi umarni a riƙa kashe wuta in za a kwanta. A wannan zamani, zare hita da dutsen guga daga soket yana cikin bin wannan umarni. A sa mutum ɗaya a gida ya zama aikinsa ne zagayen ƙarshe kafin a kwanta.

Akwai wata 'yar na'ura mai batir da ake maƙalawa a silin, in ta ji hayaƙi ta yi ƙara mai tada barci. Wanda ya sami hali ya nema, ya sa a ɗakin kwana da zaure, ba a madafa ba, ya riƙa gwada batirin. Ita ce ke ba ka mintocin nan tun daga farkonsu. Bokitin yashi biyu a tsakar gida kuwa ba ya bukatar kuɗi. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce, a haɗa da lambar ofishin kashe gobara mafi kusa, a rubuta a bangon zaure, amma sai an fita ake kira.

Duk wannan da na faɗa, in ba a gwada ba, zance ne. Wani dare bayan sallar isha, a kashe fitilu, kowa ya kwanta a makwancinsa, maigida ya buga faranti. A ga minti nawa za a ɗauka kafin kowa ya hallara gindin bishiyar. A nan za a gano sakatar da ta cije, da turmin da ke kan hanya, da yaron da bai san ƙusar mukulli ba. A sake, wannan karon a ce zaure ne ke ci. Yara za su ɗauke shi wasa, kuma hakan ya fi, don abin da aka koya da dariya ƙafa ba ta mantawa. Na san wani zai ce wannan mugun fata ne, kiran masifa ne. Malamai na zaune, a tambaye su. Wanda aka umarta ya ɗaure raƙuminsa sannan ya yi tawakkali, ba fatan ɓatan raƙumin aka yi masa ba.

Ranku ya daɗe, ga roƙona gare ku. Masu unguwanni su zaga makarantun allo da ɗakunan kwanan ɗalibai da ke ƙasarsu kafin sanyin nan ya ƙara ƙarfi, su duba abu uku da idonsu: ƙofa nawa ce, wa ke riƙe da mukulli da dare, kara da itacen karatun dare suna ina daga inda yara ke kwana. Kowace unguwa ta tanadi babbar guduma da diga da almakashin yanke kwaɗo a gida ɗaya da kowa ya sani, a kuma yarda cewa ladan na da izinin kunna lasifika ya yi yekuwa ko ƙarfe nawa ne. Dagatai su tara masu walda na Gwarzo da Kabo a daidaita farashin gyaran taga yadda talaka zai iya. Limamai kuma su ware huɗuba ɗaya a farkon kowane hunturu, su faɗi maganar izinin fita da ta kulle mutane ta waje daga kan mumbari, don daga bakinsu za a fi karɓa.

Allah ya tsare mu da iyalanmu.